Kamfani ko gareji, ina za ka kai motarka?

Salam 'yan uwa, ga 'yar shawara. In motarka sabuwa ce kuma garanti bai ƙare ba, don Allah daure ka kai ta kamfanin da ka saya, ko da sai ka je Abuja ko Kano, domin wani bakanike na taɓa injin suna iya cewa garanti ya faɗi. Kuɗinsu da yawa kam, kaya orijina, ga kuɗin aiki daban ga na hanya da masauki.

Amma mu masu Beljiyam, Corolla ko Honda, canjin baƙin mai, birki, shokozoba, duk garejin nan Sakkwato sun isa, kuma da sauƙi sosai. Sai dai ka sayo kayan da kanka ko ku tafi tare da bakaniken, kuma ka ce a ba ka tsohon da aka cire.

Abin da ya fi damuna shi ne cire tamostat (abin da ke daidaita zafin inji) wai saboda zafin garin nan, wallahi kar ka yarda, mota ta riƙa shan mai kenan. Matsalar giya atomatik ko wayarin kuwa, a fara sa mata kwamfuta kafin kowa ya kwance komai.