Tsatsar gindin bel ɗin mota: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara da zarar damina ta ja baya sai an fara kawo min tsofaffin motoci masu ciwo iri ɗaya, a ɗaga kafet a tarar da gindin bel ɗin kujera, wato inda aka ɗaure shi da noti a jikin mota, ya yi jawur, kuma kusan kowacce an riga an taɓa ta, an yi mata gyaran da gara ma a ce ba a yi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta ko yaran gareji da masu motar za su rage min magana.

Mu da ke arewa mun saba cewa motarmu ba ta tsatsa saboda ba mu da laima irin ta Legas ko Fatakwal, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ai motar ba a Kano aka haife ta ba. Yawancin 'yan Beljiyam ɗin da ke shigowa ta Kwatano ko ta Legas sun yi shekaru a Jamus ko Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota ya zauna. Da ciwonta take zuwa. Mu kuma sai mu ƙarasa ta, yaron wankin mota ya saka tiyo cikin mota ya jiƙa kafet, audugar da ke ƙarƙashin kafet ɗin ta sha ruwa ta riƙe sati guda ba ta bushe ba, ko direban Golf ko Sharon ya loda buhunan taki da gishiri a baya, wanda duk ya san takin zamani ya san yadda yake cin ƙarfe. Ga kuma motocin da suka kwana cikin ruwa, irin na ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, waɗanda aka wanke aka shanya aka kai kasuwa.

Kuskuren farko, wanda shi ne uwar sauran, shi ne mutum ya kalli kan noti ya yanke hukunci. Sai ka ji an ce ai notin ne kawai ya yi tsatsa, a goge a shafa baƙin mai shikenan. Malam, noti ba shi ne ke riƙe ka ba, ƙarfen da notin ya zauna a ciki shi ne ke riƙe ka. A gwajin da ake yi wa motoci a Turai da Amurka ana jan bel ɗin kafaɗa da ƙarfin kusan kilo 1,350, a ja na cinya da wani 1,350 ɗin a lokaci guda, kuma dole gindin ya riƙe, wato ka ɗauka an rataya buhun siminti 27 a kowanne. Yanzu ka gaya min falon mota, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin kafet, da ya koma ɓawo-ɓawo zai ɗauki wannan? A Ingila in aka kai mota gwajin shekara-shekara da suke kira MOT, in tsatsa ta ci ƙarfe sosai a cikin santimita 30 daga gindin bel motar ta faɗi, babu roƙo. Ni ma haka nake aunawa, kusan taƙi ɗaya da rabi ta kowane ɓangare. Kuma ba da ido ba. Cire kujera, ɗaga kafet da audugarsa gaba ɗaya, ka ɗauki tsohuwar sukudireba ka dinga dannawa da ƙarfi, ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tsaf, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji wani dum-dum kana ganin gari yana zuba. Sannan ka hau rami ko ka ɗaga motar ka duba ta ƙasa, don sau da yawa a gindin bel ƙarfe biyu ne aka haɗa, falon da kuma faranti mai kauri da notin ke manne a jiki, tsatsar tana farawa ne a tsakaninsu tana kumbura su, sama kyau ƙasa kyau ciki babu komai. In ka ga wajen ya yi tudu ko fenti ya yi ƙuraje, toh an gama.

Yanzu ga wanda ke ɓata min rai, faci da fila, wato kwaɓin nan da ake cike lotsawar bodi da shi. Akwai wata Golf wagon da na taɓa ɗauka don in gyara in sayar, gindin bel ɗin direba na ƙasa kusa da bakin ƙofa ya ruɓe, na kai wa wani mai walda na yi masa bayani dalla-dalla, na ce yanke har ka kai ƙarfe mai kyau, ya ce an gama Alhaji. Na dawo na tarar waje ya yi sumul an shafa baƙin fenti, wallahi ka ce daga kamfani. Ashe bawan Allahn nan bai yanke komai ba, murfin tsohon firji ya yanko ya ɗora a kan tsatsar, ya ɗiga walda a kusurwa huɗu, ya cike gefen da fila ya goge. Wanda ya sayi motar abokin yayana ne, yana hanyar Zariya akuya ta gifta ya taka birki da ƙarfi, bel ya kama shi sai kawai gindin ya fito da noti da faci da komai, ƙirjinsa ya daki sitiyari. Allah Ya tsare ba karo ya yi ba, birki ne kawai. Birki fa! Na mayar masa da kuɗinsa na karɓi motata, na sake biyan wani aikin, ga kunyar da har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai na ji ta. Shi kuwa mai waldar da na koma masa cewa ya yi ai kowa haka yake yi, kuma abin takaicin gaskiya ya faɗa, kowa haka yake yi.

Dan Allah ku ji ni da kyau. Fila don gyara fuskar bodi aka yi ta, ba ta ɗaukar nauyin komai. Faci a kan tsatsa ba ya kashe tsatsa, ɗaki ka gina mata, ruwa ya shiga tsakani ba ya fita. Ribiti ba ya aiki a nan. Waldar kabai da ake narka jar waya ko wayar rataye kaya ba ta aiki a nan. Ni abin da nake yi, kuma ban ce kowa ya yarda ba, in wajen ya huje ba na ma tsayawa ƙera faranti, kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano nake aikawa ko Panteka in ina Kaduna, a nemo irin motar da aka yanka wadda falonta ke da lafiya a yanko min wannan ɓangaren gaba ɗaya da notinsa na kamfani da faffaɗan gefe, a zo a yanke ruɓaɓɓen a zauna da sabon baki da baki, a bi shi da walda zagaye ba tsallake, kuma ina tsaye. In ba a samu ba sai a yi da sabon ƙarfe mai kaurin falon, a ƙara faranti mai kaurin milimita 3 ta ƙasa, faɗinsa kamar tafin hannu, a kashe masa kusurwoyi su zama zagaye don kusurwa mai kaifi ita ke fara yaga falon in an ja. Wasu za su ce na cika tsanani, su yi nasu.

Kuma kafin a kunna walda a cire batir, a janye bel ɗin da kafet da wayoyi nesa, a duba ina bututun mai ya bi, don a motoci da yawa ta ƙarƙashin falon nan yake wucewa, gindin bel na baya kuwa sau da yawa saman tankin mai yake kai tsaye. In motar tana da filogi mai ruwan ɗorawa a jikin bel ko ƙarƙashin kujera, wannan na'urar da ke tsuke bel lokacin hatsari ce, hoda ce a ciki kamar ta iyabag, ba a kai mata wuta ba a jona mata mita, a cire batir a ɗan jira kafin a taɓa.

Na biyu da ya ci min kuɗi shi ne kwance notin da ƙarfin tsiya. Yaran yanzu ba su da haƙuri, noti ya ƙi motsi sai a nemo bututu mai tsawon mutum a zura a sifana a haye. Wani yarona haka ya yi wa Corolla ɗin wata Hajiya, aikin da bai wuce canza bel ba, ya danna sai ji kake ƙas, uwar notin da ke manne a cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya ta ɓalle daga waldarta tana juyawa a ciki, ba ta fita ba ta ɗaure, hannu kuma ba ya kaiwa. Sai da muka yanka ginshiƙin muka gyara muka sake fenti, duk daga aljihuna, Hajiya kuma tana kira safe da yamma tana cewa ɗana ina motata. Na gaya masa na sake gaya masa, notin da ya shekara ashirin a zaune ba a tashinsa da faɗa. Yawancin na falo wutsiyarsa tana leƙowa ta ƙarƙashin mota, can ne tsatsa ke taruwa, in ka kwance haka nan duk wannan tsatsar za ka jawo ta cikin tiredi, wato zaren noti. Ka fara shiga ƙasa ka goge wutsiyar da buroshin waya, ka jiƙa. Ni kalanzir nake haɗawa da man giya na otomatik rabi da rabi in ɗiga sama da ƙasa in bar shi ya kwana, da safe in ɗan buga kan notin da guduma, in fara ɗan ɗaurewa kaɗan tukun sannan in kwance, rabin zagaye gaba kwata baya, in ya cije in ƙara mai in tafi in sha shayi. Soket mai kusurwa shida, ba sifana mai buɗaɗɗen baki ba. Man birkin da kuka saba zubawa ku daina a nan, yana ɗaye fenti yana jan ruwa, tsatsar baɗi kuke shukawa.

In notin ya fito a cinye kuma sai a aiki yaro ya tono wani a cikin gwangwanin notuna. A'a. Yawancin motoci, har na Japan da na Jamus da komai nasu ke kan milimita, notin bel ɗinsu tiredin inci ne, 7/16 mai zare 20, ya ɗan haura milimita 11. Ka saka mai 10 ya shiga yana lilo ya kama da bakin zare kawai, ka tura mai 12 ya cinye tiredin gaba ɗaya. Kuma na asalin ƙarfe ne mai tauri, wasu suna da kafaɗa da 'yan washa da aka jera don ƙarfen bel ɗin ya dinga juyawa yana bin jikin mutum. Ɗauki hoto da waya kafin ka warware jerin. Notin bel sai na bel, a jikin motar da aka yanka ake ciro shi, kuɗinsa bai kai na faranti ɗaya na shinkafa da wake ba. Ɗaurinsa ma ba na hawa da ƙafa ba ne, yawanci tsakanin Nm 40 da 50 ne a sifanar awo, in kana da littafin motar bi abin da ya ce.

Sauran ƙanana ne amma ina ganinsu kullum. Shafa fenti a kan tsatsa ba tare da an kankare har ƙarfe ya yi fari ba, wata uku ta dawo. Baƙin mai a cikin mota, wari da ƙura kawai kuma yana jiƙa bel. Wanke bel da fetur ko Hypo, zaren ne kake kashewa, ruwan ɗumi da sabulu sun isa, a ja shi duka a shanya a inuwa. Walda noti ko ƙarfen bel kai tsaye a jikin falo don tiredi ya mutu, kar in gani. Ɗaure bel ɗin a ƙafar kujera ko a notin kujera, shi ma haka. Gyara gefen direba a manta da na fasinja da na baya, alhali ruwa ɗaya suka sha, kuma a baya yara ke zama. Sannan masu saƙala bel a kafaɗa don 'yan Rod Sefti kawai, ku dai na bar ku da Allah.

In tsatsar ta sama-sama ce kuwa, sukudireba ta kasa hudawa guduma ta ba da ƙara mai kyau, aikin ba wuya. Buroshin waya a jikin giranda, sanfefa, a shafa maganin nan mai mayar da tsatsa baƙa in ana samunsa, a bari ya bushe, jan fenti na ƙarfe shafi biyu, fenti a sama, sila a bakin haɗi. Ta ƙasa ni ina ƙara lafta giris a wutsiyar notin bayan an ɗaure, a wutsiyar kawai ba cikin tiredi ba. Amma in ka danna ka tarar ruɓar ta bi bakin ƙofa ta hau gindin ginshiƙi, babu ƙarfen kirki da walda za ta kama, ni a nan nake ajiye aiki in ce wa mai ita ya lissafa, ko a canza ɓangaren duka ko a ciri inji da giya a sayar da gangar. Wasu suna fushi su kai wani waje a yi musu a awa biyu.

Kada kuma a yi saurin mayar da kafet. Ruwan da ya ruɓar da wajen daga wani wuri yake shigowa, robar ƙofa ce ta mutu, ko tiyon da ke zubar da ruwan AC ya toshe yana tsiyaya a ƙafar fasinja, ko magudanar sanruf, ko wata 'yar robar toshe rami a falon ta faɗi, ko bakin gilashin gaba da aka canza ba a liƙe da kyau ba. Ni ina barin falon a buɗe, in sa yaro ya zauna ciki da tocila wani ya dinga zuba ruwa da tiyo daga ƙasa yana hawa sama a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya, har mu ga inda ya fara ɗigowa. Audugar ƙarƙashin kafet in ta yi wari a jefar a sayi wata, ta riga ta sha gishiri. Kuma ka gaya wa mai wankin motarka da bakinka cewa tiyo ba ya shiga ciki, tsumma kawai, in ba ka faɗa ba zai saka.