Girin-kad ba katin zaɓe ba ne: jan hankali ga sababbin zuwa Amurka

Wanda ya sauka Amurka a 'yan shekarun nan zai tarar ana ta kai ruwa rana kan zargin cewa baƙi na kaɗa ƙuri'a. 'Yan jam'iyyar Republican na cewa ana maguɗi, dole a tsaurara. A watan Afrilun 2025 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin SAVE, wanda ke neman duk mai yin rajistar zaɓe ya nuna takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kamar fasfo. 'Yan Democrat kuwa na cewa abin bai taka kara ya karya ba. A ganina alƙaluma sun fi ba su gaskiya, domin da jihar Jojiya ta tantance rajistarta a 2024, mutum 20 kacal ta samu waɗanda ba 'yan ƙasa ba, cikin sama da miliyan 8. Amma kai ɗan'uwa, bar musu gardamarsu. Abin da ya shafe ka shi ne, a irin wannan yanayi ba a ɗaga wa wanda aka kama ƙafa.

Tun 1996 dokar tarayya ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba zaɓen shugaban ƙasa ko 'yan majalisar tarayya. Ko da girin-kad ɗinka, wato katin izinin zama na dindindin, ko kana biyan haraji shekara da shekaru, ba ka da wannan dama. Hukuncin ya haɗa da tara, ɗauri, da kora. Kai ko ba ka yi zaɓen ba, faɗin cewa kai ɗan ƙasa ne a takardar hukuma kaɗai ya isa ya toshe maka hanya.

Inda aka fi faɗa wa rami shi ne ofishin lasin tuƙi, wato DMV. Wata dokar 1993 ta sa ana ba mutane damar rajistar zaɓe a can. Ka gaji da layi, Turancin ma'aikaciyar na gudu, ta nuna maka ƙaramin allo ta ce ka latsa nan, ka sa hannu can. Cikin tambayoyin akwai mai cewa ko kai ɗan ƙasar Amurka ne, da mai cewa ko kana son rajistar zaɓe. Amsarka a'a ce, duka biyun. Karanta kafin ka latsa, kada kunyar na bayanka ta sa ka gaggawa. Wata 'yar Peru ta yi rajista a irin wannan ofishi a jihar Illinois, ta yi zaɓe a 2006, daga baya ta faɗa da bakinta lokacin neman zama 'yar ƙasa. Aka yanke mata hukuncin kora, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017.

Haka ma matasan da ke yawo da takardun rajistar zaɓe a bakin kanti ko masallacin Juma'a idan zaɓe ya ƙarato. Da kyakkyawar niyya suke yi, sai dai sa hannun naka ne. Ka gaishe su ka wuce.

Za ka ji ana cewa ai wasu garuruwa sun yarda baƙi su yi zaɓe. Gaskiya ne, amma na ƙaramar hukuma kawai, misali Takoma Park a jihar Maryland, da birnin Washington, sai San Francisco inda iyaye ke zaɓen hukumar makarantu. Mutanenmu na Bronx su lura, dokar da birnin New York ya yi a 2021 ba ta taɓa aiki ba, kotun ƙolin jihar ta soke ta a Maris na 2025. Kuma kada yayanka na Landan ya ruɗe ka don shi yana zaɓe. Birtaniya ta ba 'yan ƙasashen Kwamanwel masu izinin zama wannan dama, irin su Najeriya da Ghana da Kamaru, ban da Nijar. Amurka ba ta san wannan ba.

Idan katin rajistar zaɓe ya zo maka ta gidan waya, ko ka tuna ka taɓa latsa wani abu, kada ka yi zaɓe da shi, kada kuma ka yar ka yi shiru. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ƙarara ko ka taɓa rajista ko zaɓe, kuma ƙarya a nan ta fi laifin farko muni. Nemi lauyan shige da fice mai lasisi kafin ka aika komai, ba mai cika wa mutane fom a unguwa ba.