Idan Ma'ajiyar Sadarwa Ta Cika a Sabar Linux: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Ƙara Lambobi

A cibiyar jarrabawa ko shagon intanet a Kano, sabar ta fi shan wuya ne lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareto. Kwamfutoci ɗari biyu su farka tare, kowacce tana neman sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, a lokaci guda. Fitilun swic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin a layi ɗaya, na ta ƙyaftawa, fanka na juyawa, amma shafi ya ƙi buɗewa, ko ping, umarnin gwada ko layi na aiki, ya dawo da saƙon "No buffer space available".

Duk fakitin bayanai da ya shigo, wato ɗan gutsuren saƙon da ke tafiya a layi, sai kanel, wato zuciyar Linux mai kula da injin, ya samar masa wurin zama a RAM nan take. Ba a jira, kuma wannan wurin ba a kwashe shi zuwa faifai kamar na sauran manhajoji. Idan ya cika, kanel yana zubar da fakiti, kuma da gangan yake yi don injin ya tsira. Kuskuren da masu gyara suka fi yi shi ne kwafo manyan lambobi daga intanet su zuba wa injin da RAM ɗinsa bai wuce 4GB ba. Sai sadarwa ta cinye rabon rumbun bayanai, kanel ya fara kashe manhajoji da kansa. Da fakiti kaɗan ake asara, yanzu jarrabawar gaba ɗaya ta tsaya.

Don haka fara gano wace ma'ajiya ce ta cika, domin ba ɗaya ba ce. Buga dmesg -T, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ka karanta a hankali.

Idan ka ga "TCP: out of memory -- consider tuning tcp_mem", to jimillar rabon TCP, ƙa'idar da yawancin haɗin intanet ke bi, ne ya ƙare. Duba cat /proc/net/sockstat, ka kwatanta lambar da ke gaban mem a layin TCP da lambobi ukun da sysctl net.ipv4.tcp_mem ya nuna (sysctl shi ne umarnin duba saitunan kanel da canza su). Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: lambobin uku da shafin RAM ake ƙirga su, kuma shafi ɗaya bayit 4096 ne a injinan Intel da AMD. Wato 262144 gigabayit guda ne cur. Ta farko ita ce inda kanel ba ya damuwa, ta biyu inda yake fara matse hannu, ta uku iyakar ƙarshe. A injin 4GB, 65536 98304 131072 na nufin 256MB da 384MB da 512MB, kuma ba mu ga dalilin wuce haka ba. Amma kafin ka taɓa komai, buga ss -tm. Sau da yawa manhaja ɗaya ce ta daina karɓar abin da ake aiko mata, layinta ya kumbura. Irin wannan sai an gyara ta, ƙarin wuri jinkirta faɗuwa kawai zai yi.

Idan kuwa "page allocation failure" ka gani tare da sunan direban katin sadarwa, RAM ɗin da kanel ke tanada don gaggawa ne ya yi kaɗan. Duba vm.min_free_kbytes. A injin 4GB kana iya kai shi 131072, wato 128MB. Kada ka zarce sosai, domin duk abin da ka tanada manhajoji ka hana.

Wani lokaci dmesg shiru yake, amma ana asara. Buɗe /proc/net/softnet_stat. Jeri na biyu a tsaye daga hagu yana ƙirga fakitin da aka zubar saboda layin shiga ya cika, da lissafin tushe 16 aka rubuta shi. In yana hawa, ɗaga net.core.netdev_max_backlog daga 1000 ɗinsa na asali zuwa 2000 ko 3000. Shi ma katin sadarwa yana da ɗan zobensa, wato ƙaramin layin jiran fakiti: ethtool -g zai nuna girman da ake kai da iyakar da yake ɗauka, ethtool -G kuma ya canza shi.

A ɗakunan kwanan ɗalibai da otal, inda wayoyi sun fi dubu a layi ɗaya, teburin maƙwabta, inda kanel ke ajiye adireshin na'urorin da ke layi ɗaya da shi, shi ne ke cika, ya ba da "neighbor table overflow". Iyakarsa ta asali 1024 ce, a net.ipv4.neigh.default.gc_thresh3. Ɗaga ta zuwa 4096, ka ɗaga 'yan uwanta biyu ma, gc_thresh1 da gc_thresh2, ko mafi kyau ka raba layin gida-gida.

Canji ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda, da sysctl -w, ka rubuta tsohuwar lambar a takarda. Ka gwada da rana kafin ranar jarrabawa: kashe swic, bari kwamfutoci duka su rasa layi, sannan ka kunna kana kallon sockstat. Wanda ya yi amfani kaɗai za ka saka a fayil cikin /etc/sysctl.d/ ka buga sysctl --system, in ba haka ba sabar na sake tashi komai zai koma yadda yake.