Yadda ake koya wa yaro tsare jikinsa, da abin yi in ya kawo ƙara

Iyaye da yawa a Abuja kan bar Kubwa, Lugbe ko Nyanya tun da asuba don gudun cunkoso, ba su dawowa sai bayan magariba. A tsakanin nan yaro ya ratsa hannu da dama: direba, mai gadi, 'yar aiki, malamin boko, na Islamiyya, da ƙanin maigida da ya zo neman aiki. Galibin masu lalata da yara ba baƙi ba ne, mutane ne da gida ya amince da su. Saboda haka gargaɗin "kar ka kula wanda ba ka sani ba" bai wadatar ba.

A fara tun yana shekara uku, wajen wanka. A gaya masa sunan kowace gaɓa, har gabansa da bayansa, da kalmar da kowane babba zai gane. Sunan wasa na cikin gida yana da illa, don yaro zai kai ƙara wanda ya ji bai fahimci me ake nufi ba. Sai a kafa masa doka: inda wando da riga suka rufe ba mai taɓawa, ba mai kallo, ba mai ɗaukar hoto, sai uwa in tana yi masa tsarki, ko likita a gaban iyaye. Ɗa namiji ma haka; ana yawan mantawa da shi.

Bayan wannan sai zancen sirri. Mai mugun nufi ba ya farawa da taɓi. Da alawa yake farawa, ko ɗari biyu, ko wasa a wayarsa, sannan ya ce "kar ka gaya wa Mama". Gwaji ne. In yaron ya riƙe ƙaramin sirri, babba na tafe. A koya masa cewa duk abin da babba ya ce kar a faɗa, a ranar ake faɗarsa.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda tarbiyya ta ci karo da tsaro. Mun horar da yara kada su musa wa babba, kuma ladabi abu ne mai kyau. Amma gaisuwa da durƙusawa sun isa ladabi. Kada a tilasta wa yarinya hawa cinyar baƙo don kar ya ji kunya. A riƙa gwada shi cikin raha: "In kawu ya ce zo ɗaki ka turo ƙofa, me za ka yi?" Amsar da ake so: ya ce a'a da ƙarfi, ya gudu inda mutane suke, ya faɗa. Ya san manya uku da zai iya zuwa wurinsu, ya haddace lambar wayar ɗaya. Uwar da ke alkunyar ɗan fari ta tabbata akwai goggo ko inna cikin ukun.

Duk wannan banza ne in yaron tsoronku yake ji. Wanda ya sha bulala kan canjin da ya zubar ba zai kawo labarin da ya fi wannan muni ba. A ware minti goma kullum, a ajiye waya. "Yaya makaranta?" amsarta "lafiya lau". A tambaya: "Wa ya ɓata maka rai yau? Wa ya rako ka gida?"

Darasin gida a yi shi a falo, ƙofa a buɗe. Ban da aike shago ko ɗakin samari bayan magariba. A raba wa yara shimfiɗa in sun kai goma, kamar yadda hadisi ya umarta.

A lura da dawowar fitsarin kwance, firgita cikin barci, ƙin wani mutum haka kawai, kuɗin da ba a san tushensu ba, zafi wajen fitsari ko tafiya. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma ta isa a zauna da shi.

In ya faɗa, a danne zuciya. Ihu da ɗora hannu a ka na sa yaro ya janye maganarsa, don zai ga shi ya jawo bala'i. A ce: "Na yarda da kai. Ba laifinka ba ne." Ban da "me ya kai ki?" Kada a sa masa suna a baki, "sai me ya faru?" ya wadatar. A rubuta kalamansa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, kada a sa shi maimaitawa gaban dangi.

Idan fyaɗe ne, asibiti a ranar, kafin wanka. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki, ga wadda ta balaga, cikin kwana 5. Kada a wanke tufafin. A naɗe su a takarda, don leda na riƙe laima ta ɓata shaida. A karɓi rahoton likita a kai wa 'yan sanda ko hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, wadda ke aiwatar da dokar haramta cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 a Abuja. Lambar gaggawa 112 ce. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaron da bai kai 18 ba.

Dangi za su zo da "a rufa asiri". Sulhun cikin gida mai laifin yake rufa wa asiri, ya bar shi kusa da sauran yara. Asirin yaron kuwa a rufa: ban da sa sunansa ko hotonsa a WhatsApp da Facebook. Ya ci gaba da makaranta da barci a kan lokaci, in wata guda ya wuce firgitar ba ta lafa ba, a nemi asibitin ya haɗa ku da masanin halayyar yara.