Kurakuran da Ke Kashe Sintesaiza da Injin Ganga na Haɗin Gida

Duk wanda ya zauna ya haɗa sintesaiza (na'urar kiɗa mai samar da sauti da wutar lantarki) ko injin ganga da hannunsa, babu abin da yake ɗoki kamar lokacin da zai jona wuta ya ji ƙarar farko. A daidai wannan lokacin ne kuma aka fi yin ɓarna. Zanen da aka bi yawanci lafiyarsa ƙalau, tunda mutane da dama sun haɗa shi ya yi musu aiki. Abin da ke kashe fanel, wato allon da ake liƙa kayan wutar a kai, shi ne a ba shi wuta ba a auna ba. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan maganar wuta, sauran kuma in bi su gwargwadon nauyinsu.

Wuta

A fara da adafta. Kayan Boss da yawancin ƙananan kayan Roland masu cin bolt 9 negatif suke so a tsakiyar bakin adafta, su kuwa Korg Volca fozitif suke so a tsakiya. Injin ganga na Alesis SR-16 ma duk ba ruwansa da waɗannan, wutar AC mai bolt 9 yake ci. Adaftar nan mai bakuna da yawa da ake sayarwa a kasuwa tana shiga kowane rami, kuma shigarta ba shaida ba ce cewa ta dace. Ka duba ɗan zanen da ke kusa da ramin wutar, ka ɗora mita a bakin adaftar ka ga inda fozitif yake, sannan ka soka.

Kayan gwanjo suna da nasu tarkon. Na'urar da aka yi wa kasuwar Japan bolt 100 taransifomarta take ɗauka, ta Amurka 120, mu kuwa wutarmu tana tsakanin 220 da 240. Kafin ka kai ta soket, juya bayanta ka karanta. Idan 100 ko 120 aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta. Haka kuma sabon haɗi ba a gwada shi a kan janareta ko a daidai lokacin da aka dawo da wuta. Ni a ganina ma aikin farko da na biyu duk a yi su da batir mai bolt 9, domin kuskure a kan batir yana da sauƙin yafiya.

Wanda ya shiga Eurorack, tsarin sintesaiza mai sassa daban-daban da ake jonawa da waya, wanda Dieter Doepfer ya fito da shi a Jamus a tsakiyar shekarun 1990, zai haɗu da wuta mai layi biyu, +12 da -12, da wata faffaɗar waya mai jan layi a gefe ɗaya. A al'ada jan layin yana gefen -12. Amma al'ada ce kawai, ana samun wayar da aka matse bakinta a juye, ana kuma samun fanel ɗin da bakinsa ba shi da abin da zai hana a soka shi a baibai. Juyawa ɗaya ta isa ta ƙona duk ayisin (IC, ƙananan baƙaƙen kayan nan masu jerin ƙafafu) da ke kai. Idan kai ne kake haɗa fanel ɗin, saka diyod 1N5817 a kowane layin wuta. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma su ne za su tare wutar ranar da aka juya wayar.

Mai haɗa wa kansa tukunyar wutar kuma ya kula da 7812 da 7912, masu daidaita wutar +12 da ta -12. Kamanninsu ɗaya, jerin ƙafafunsu daban. A 7812 ƙafar farko shiga ce, ta tsakiya layin ƙasa (wato layin bolt sifiri), ta uku fita. A 7912 ta farko ce layin ƙasa, ta tsakiya shiga. Abin da ya fi cin mutane shi ne ƙarfen bayan 7912 a haɗe yake da wutar shiga, don haka idan ka ɗaure su biyun a jikin ƙarfen sanyaya ɗaya ba tare da shinge ba, ka haɗe wutar da hannunka.

Ga yadda ya kamata a tayar da sabon fanel. Kada ka liƙa ayisi kai tsaye, saka masa soket. Tun ba wuta, sa mita a kan ƙara ka taɓa tsakanin fozitif da layin ƙasa, da negatif da layin ƙasa, da tsakanin su biyun. Idan ta yi ɗan ƙara ta yi shiru, kapasitoci ne suke cika, babu komai. Idan ta ci gaba da kuka, akwai inda dalma ta haɗe layi biyu. Bayan wannan sai ka ba da wuta alhali soket ɗin duk babu kowa a ciki, ka auna ƙafafun wuta ɗaya bayan ɗaya: a TL072 ƙafa ta 8 fozitif, ta 4 negatif, a TL074 ƙafa ta 4 fozitif, ta 11 negatif, a 40106 ƙafa ta 14 da ta 7. Lura da TL074 ɗin nan da kyau, idan ka saka shi kai a ƙasa, ƙafar fozitif ce take faɗawa daidai ramin negatif, nan take zai ɗau zafi. Sai komai ya yi daidai za ka kashe wuta, ka saka ayisi, ka kunna, ka ɗora yatsa a bayansu. Wanda ya yi zafin da ba za ka iya barin yatsa a kai ba, kashe wutar tukuna kafin ka fara tunanin dalili.

Dalma

Liƙi mai kyau yana kwanciya ya rungumi ƙafar da tagullar fanel. Wanda ya dunƙule ya tsaya a sama bai kama ba, yau zai yi aiki gobe ya ɗauke. Dalilinsa kusan kullum ɗaya ne: an narka dalmar a bakin ayan ɗin liƙi an ɗiga ta, maimakon a dumama ƙafar da tagullar tare sannan a kawo dalmar ta narke a kansu. Dalma mai 60/40 tana narkewa a wajen digiri 188, ayan kuma ya kasance kusan 330 zuwa 350. Ayan marar ma'aunin zafi yana sanyi idan wuta ta yi ƙasa, to a irin wannan lokaci gara a haƙura da liƙin. Wanda ake ɗorawa a kan gawayi kuwa yana ɗaye siraran layukan tagulla.

Kada ka kusanci ruwan liƙin da masu gyaran lagireto suke aiki da shi. Asid ne, zai ci gaba da cin tagullar bayan ka gama. Nemi dalmar da take da nata man liƙin a ciki. Ka yi aikin inda iska take shiga, ka wanke hannu kafin cin abinci, kuma ka ɗauke guntayen daga inda yara suke wasa.

Kayan da suka yi kama da juna

Rezisto 4k7 da 47k launi ɗaya ne ya raba su, ja da ruwan lemo, kuma a hasken fitila da dare ba kowa yake bambance su ba. Auna kowane ɗaya kafin ka liƙa. A kapasita, 104 yana nufin 100nF, 103 kuma 10nF, 102 shi ne 1nF. Mai siffar gwangwani yana da gefen negatif, idan aka juya shi yana kumbura, wani lokaci ya fashe. Transisto 2N3904 da BC547 da 2SC1815 suna iya maye gurbin juna a wurare da yawa, amma kowanne da jerin ƙafafunsa, kuma wannan kaɗai ya hana ayyuka masu yawa tashi. Bolum mai harafin A na ƙarfin sauti ne, mai B na sauran wurare, idan ka musanya su za ka ga duk aikin maɓallin ya taru a ƙarshe ɗaya.

Ciro kaya daga tsofaffin rediyo dabara ce mai kyau, da rezisto da bolum da transisto duk suna moruwa. Kapasita mai gwangwani ne kawai ba a ɗauka, ya bushe da shekaru. Ayisin da aka daina ƙerawa kuma, irin su CA3080, jabunsu sun yi yawa. Gara ka zaɓi zanen da aka yi da LM13700.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake rainawa. Kowane ayisi yana buƙatar kapasita 100nF dab da ƙafar wutarsa, in ba haka ba ƙarar wani sashe tana zubowa cikin wani, musamman inda akwai ayisin 555. Sannan ayisin 40106 ƙofofi shida gare shi, wato sassa shida iri ɗaya, duk wadda ba ka yi aiki da ita ba ka ɗaure mashigarta da layin ƙasa. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har tufafi suna tartsatsi, taɓa wani ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki irin waɗannan ayisin.

Ganga

Masu haɗa injin ganga da dama zanen Roland TR-808 suke bi, wanda ya fito a 1980 aka daina yin sa bayan an ƙera kusan 12,000. Babbar gangarsa ba sauti ba ne da aka naɗa. Wata 'yar da'ira ce da ake zungura da gajeriyar wuta, ta yi amo ta mutu da kanta, kamar fatar kalangu bayan an sauke mata gula. Daga nan kurakuran suke fitowa. Idan ka ba ta doguwar wuta maimakon gajeren bugu, za ta amsa sau biyu, a shigar wutar da kuma ɗaukewarta. Maganinsa kapasita da rezisto da diyod a mashiga, su gajarce bugun su tare na biyun. Idan ka ƙara tsawon amon fiye da kima, gangar za ta kama kuka ba tsayawa, sai ka rage. Kapasitocin da suke riƙe da muryar gangar kuma su zama na leda, domin ƙananan na tangaran masu araha suna sauya ƙima da zafi.

Wani abin tausayi shi ne mutum ya wargaza ganga mai lafiya. Muryarta mai kauri ce ƙwarai, tana wajen Hz 50 (kaɗawa 50 a daƙiƙa), sifikar waya da ƙananan sifikun kwamfuta ba sa iya fitar da ita, ɗan ƙas kawai za ka ji. Gwada da babbar sifika kafin ka yanke hukunci. Ka kuma fara da bolum a ƙasa, saboda kayan Eurorack suna fitar da kusan bolt 10 daga ƙoli zuwa ƙoli, abin da ya ninka na rediyo sau da yawa. Kunne ba a sayen sabo.

Shuuu ɗin da ake sa wa ƙaramar ganga daga transisto ɗaya yake fitowa, wanda aka ba wuta a juye aka bar ƙafarsa ɗaya a sake. Ba kowane transisto yake yin sa da kyau ba, ko da lambarsu ɗaya. Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland, ya bayyana cewa transistocin da masana'anta ta ware a matsayin marasa inganci suka saya don wannan sautin. Kai ma saka soket a wurin ka gwada guda goma ka zaɓa. A kan batir mai bolt 9 sau da yawa ba ya tashi, ya fi son 12.

Saiti da tafiya tare

Osileta ita ce da'irar da ke samar da muryar sintesaiza, kuma mai bin ƙa'idar bolt ɗaya ga kowace oktaf (ƙarin bolt ɗaya ya ninka tsayin murya) zafi yana juya ta. Kada ka saita ta da kunnawa, bar ta ta yi minti 15 zuwa 20, nesa da fanka. Transistoci biyun da suke sarrafa muryar su zama an auna su sun yi daidai, a manne su da juna tare da rezisto mai bin zafi na 3300ppm. A ƙasar da ɗaki yake sanyi da asuba ya zama tanderu da azahar, wannan ba abin tsallakewa ba ne. Wanda ba ya son wahalar ya ɗauki ayisin AS3340, an riga an yi masa gyaran zafin a ciki. Kuma Korg MS-20 wata ƙa'idar yake bi daban, in ka haɗa shi kai tsaye da mai bin oktaf muryoyin ba za su taɓa daidaita ba.

DIN sync da MIDI hanyoyi biyu ne na haɗa na'urorin kiɗa su yi tafiya tare. Ramin DIN sync na tsofaffin kayan Roland irin na MIDI ne sak, amma yarensu daban, kuma ƙafafun da yake aiki da su wasu wayoyin MIDI ba a ma haɗa su ba. Roland yana aika bugu 24 a kowane taki, tsofaffin injinan Korg 48, shi ya sa ɗaya yake ninka ɗaya gudu.

Yi wa na'ura kwaskwarima

Salon buɗe kayan wasan yara da ƙananan fiyano ana taɓa layuka don neman baƙon sauti, wanda Reed Ghazala ya fara a Amurka a shekarun 1960, sharaɗinsa ɗaya ne da ba a sassautawa: na'ura mai batir kawai. Wadda take cin wutar soket kai tsaye tana iya kashe mutum, kuma manyan kapasitocinta suna riƙe wuta ko bayan an zare ta. Idan fiyanon yana da adafta yana kuma da gidan batir, cire adaftar ka yi aiki da batir.

Ɗauki hoton cikin na'urar kafin ka kwance ko waya ɗaya. Idan za ka maye rezistan gudu da bolum, jera masa wani ƙaramin rezisto a layi ɗaya don kada ya sauka sifiri ya daskarar da na'urar ko ya ƙona ta. Sauyi ɗaya za ka yi ka gwada, sannan na gaba. Wanda ya yi biyar a tare, ranar da sauti ya ɗauke bai san wanne zai koma ba. Kada ka huda jikin na'ura sai ka rayu da sauyin a kan wayoyin gwaji ka tabbata kana son sa.

Wurin koyo mai kyau shi ne Korg Monotron na 2010, domin kamfanin da kansa ya saki zanensa, har an rubuta sunayen wuraren liƙi a jikin fanel ɗin. Idan kuwa Allah ya haɗa ka da tsohuwar na'ura mai daraja a gwanjo, gyara take buƙata kafin ƙari. Korg Polysix, misali, yana da batir a liƙe a fanel wanda yake yoyo ya cinye layukan da ke kewaye da shi. Buɗe ta ka duba wannan batir ɗin, ka cire shi, ka wanke wurin, ka bi layukan da mita ɗaya bayan ɗaya kafin ka ba ta wuta.