Kurakuran da ke kashe wa 'yan matanmu wasan tanis tun kafin su kai ko'ina

Duk shekarar da aka nuna wasan ƙarshe na Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, a talabijin, ba a yin sati sai an kawo mana sababbin yara mata filin da muke atisaye a nan Bauchi. Ina murna da zuwansu ƙwarai. Abin da ya gajiyar da ni shi ne kurakuran da suke biyo bayansu iri ɗaya ne shekara da shekaru, kuma mafi yawansu ba na yaran ba ne. Na iyaye ne da na masu koyarwa.

Uwar kurakuran duka ita ce gaggawa. Uba zai kawo 'yarsa mai shekara takwas, ya tsaya a bakin waya ya ce: "Koci, yaushe za ta fara ɗauko kofi?" Idan aka yi mini wannan tambaya, labarin Ons Jabeur ta Tunisiya nake bayarwa, domin ita ce ta fi kusa da mu, 'yar Afirka ce kuma Musulma. An haife ta a 1994, mahaifiyarta ta fara kai ta fili tana da shekara uku, kuma kulob ɗinsu ba shi da filin kansa, a filayen otal-otal na yankin Sousse suke atisaye. Tana da shekara 12 ta koma Tunis, babban birni, don ci gaba da horo. A 2011 ta ci gasar Faransa ta matasa tana da 16. To daga nan fa? Sai a 2017 ta shiga cikin ɗari na farko a duniya. Kofinta na farko a gasannin WTA, ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan tanis, sai a 2021 a Birmingham ta Ingila, shekara goma cif bayan wancan na matasa. A 2022 ta kai ta biyu a duniya, ta buga wasan ƙarshe na Wimbledon da na gasar Amurka, ta sake kaiwa na Wimbledon a 2023. Wannan fa yarinya ce mai baiwa wadda gidansu ya tsaya mata tun tana tatata. Ka ɗora wannan a kan tambayar Alhajin da ke son kofi bayan wata shida.

Gaggawar tana farawa ne daga kayan wasa. Ana sayo wa yarinya raket na manya mai tsawon inci 27, yawanci na gwanjo, a haɗa mata da ƙwallon manya mai ruwan ɗorawa. Ƙwallon nan idan ta daki siminti tashi take yi ta wuce kan yarinyar, raket ɗin kuma ya fi ƙarfin wuyan hannunta, sai ta koyi duka ta hanyar da za ta tsira kawai, kuma wannan karkatacciyar hanyar ita za ta bi ta har girma. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta daɗe da raba ƙwallayen yara uku: ja wadda ta fi kowacce sanyin gudu, sai mai ruwan lemo, sai mai ɗigon kore, kuma tun 2012 ta hana a yi gasar 'yan shekara goma zuwa ƙasa da ƙwallon manya. Samun waɗannan ƙwallaye a garin nan yana da wuya, na sani. Abin da nake yi shi ne tara tsofaffin ƙwallayen da manya suka gama da su, waɗanda iskarsu ta fita, in ja wa yara layi da alli a faɗin fili maimakon tsawonsa. Raket kuwa, idan yarinya ta riƙe shi ta saki hannu a gefenta ya taɓa ƙasa, ya yi mata tsawo.

Sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, ma haka. Kusan kowace sabuwar yarinya tana riƙe raket a kwance, fuskarsa na kallon sama, ta tura ƙwallo a hankali ta tsallake raga. Yana shiga, ana tafa mata, shi ya sa ba a gyarawa. Amma da wannan riƙon ba za ta taɓa iya murza ƙwallo ba, sabis ɗinta na biyu zai zama kyauta ga abokiyar karawa. A riƙe raket kamar yadda kafinta ke riƙe guduma. Ni dai ba na barin yarinya ta fara sabis sai ta yi makonni tana jifa da ƙwallo da hannu daga layin baya zuwa ɗaya ɓangaren, don yaranmu mata ba su saba jifa ba. Wasu abokan aikina suna ganin ɓata lokaci ne. Ni ban canza ba.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, domin shi ya raba ni da yarinyar da ta fi kowa hannu a cikin duk waɗanda na koyar. Tana da shekara goma sha uku ta fara doke 'yan matan da suka girme ta nesa ba kusa ba. Mahaifinta ya ga haske, sai ya ƙara mata atisaye da wani mai koyarwa daban, safe da yamma, ba ranar hutu, har cikin zafin Maris da Afrilu lokacin da simintin fili ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Kwando bayan kwando na sabis. Ta fara cewa kafaɗarta na ciwo. Na same shi na ce: "Alhaji, don Allah a bar yarinyar nan ta huta wata guda, a kai ta likita ya duba kafaɗar." Ya ce mini: "Malam, ragwanci ne na yara, mu da muka yi noma ba mu mutu ba." Aka sayo mata ƙwayar kashe ciwo a kemis, tana sha tana fita fili. Kafin ta cika sha biyar ba ta iya ɗaga hannu sama da kanta ba tare da ta cije leɓe ba. Ta ajiye raket, ba ta sake ɗauka ba. Har yau idan na tuna bugun bayan hannunta sai zuciyata ta yi zafi. Ku ji ni da kyau, iyaye: ƙashin yarinya mai shekara goma sha uku bai gama haɗewa ba. Ciwon da ya kwana uku a kafaɗa, ko gwiwar hannu, ko gadon baya, ba ragwanci ba ne, kuma rufe shi da ƙwaya zalunci ne. Yarinyar amana ce a hannunku kafin ta zama 'yar wasa.

Turawan da muke kwaikwayo sun riga mu ƙonewa a kan wannan. Jennifer Capriati ta Amurka ta shiga gasar ƙwararru a 1990 tana da shekara 13, ta ci zinare a wasannin Olamfik na Barcelona a 1992, amma kafin ƙarshen 1993 ta gaji ta janye daga wasan, rayuwarta ta shiga ruɗani. Sai a 2001 ta ci babbar gasarta ta farko. Irin wannan ne ya sa WTA ta kafa dokar shekaru a tsakiyar shekarun 1990: 'yar ƙasa da 14 ba ta buga gasar ƙwararru, daga nan kuma ana ƙayyade mata yawan gasanni har ta cika 18. Richard Williams, wanda kowa ke ambata a matsayin uban da ya matsa wa 'ya'yansa, shi da kansa ya janye Venus da Serena daga gasannin yara suna ƙanana, ya ce su yi karatu su gyara bugu. Serena ta ci manyan gasanni 23 ita kaɗai, ta yi wasa har 2022 tana da shekara 40. A wurina doka ɗaya ce: 'yar ƙasa da sha huɗu tana hutun kwana biyu a mako, kuma ina so ta riƙa wani wasan daban, ko gudu ko ƙwallon hannu.

Wani kuskuren da ba na iya haƙuri da shi shi ne rage shekaru. A ɗauki budurwa mai sha shida a yi mata takardar haihuwa ta sha biyu, ta je ta tattake ƙananan yara da ƙarfin damtse, a dawo da kofi ana guɗa. Wa aka cuta? An cuci yaran da suka zo da shekarunsu na gaskiya, da yawa daga ranar suke barin wasan. An cuci ita kanta, domin wadda ke cin wasa da ƙarfi kaɗai ba ta da dalilin koyon dabara, ranar da ta haɗu da tsararta na gaske sai a ga ba ta da komai. Sannan an koya mata ƙarya da hannun mahaifinta. An sha kawo mini irin takardun nan in sa hannu. Ba na sawa, ko da za a ɗauke yarinyar a kai wa wani.

Kan magani, ƙarin magana ɗaya. Maria Sharapova, da duk likitocin da ke kewaye da ita, an dakatar da ita wata 15 bayan an sami meldonium a jikinta a 2016, maganin da ta daɗe tana sha kafin a sa shi cikin haramtattu a farkon shekarar. Duk mai son 'yarsa ta yi nisa ya raba ta da maganin ƙarin ƙarfi na kasuwa tun yanzu.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Takalmin gudu ba na tanis ba ne, yana murɗe idon sawu idan an taka gefe. A yi atisaye bayan Asuba ko bayan La'asar, ban da tsakar rana. A sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Da hunturu a share ƙurar fili kafin a fara, man kaɗanya kuma a shafa wa tafin hannu da dare, ba lokacin riƙe raket ba. Da azumi ni ina mayar da atisaye gyaran bugu kawai, babu guje-guje. Kada a raina wasan bibbiyu: Sania Mirza ta Indiya a nan ta zama ta ɗaya a duniya a 2015.

Akwai kuma kuskuren da ake yi cikin kyakkyawar niyya, wato janye yarinya da zarar ta fara girma saboda tufafi. Ina fahimtar iyaye, ni ma uba ne. Amma gajeren siket ba sharaɗin tanis ba ne. Yaranmu suna wasa da dogon wando, riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi mara nauyi, ba abin da ya rage musu. WTA ma tun 2019 ta fayyace cewa 'yar wasa na iya sa dogon wando ba tare da siket a kai ba. Abin da ya fi tufafi muhimmanci shi ne wanda ke tare da yarinyar. Ba na koyar da yarinya sai uwarta, ko gwaggonta, ko yayarta na zaune a bakin fili, kuma ba na yarda a yi tafiyar gasa zuwa Kano ko Abuja babu mace babba a cikin motar.

Sai masu cire yarinya daga makaranta wai ta mayar da hankali kan wasa. Ƙananan gasannin ITF da kowace ƙwararriya ke farawa da su, kuɗin kyautarsu gaba ɗaya dala 15,000 ne, a raba wa duk waɗanda suka shiga, alhali jirgi da masauki da abinci suna kan 'yar wasa. Mafi yawan masu zagaya irin waɗannan gasanni asara suke yi. Hanyar da ta fi buɗuwa ga 'yar Afirka ita ce gurbin karatu a jami'ar Amurka ta dalilin tanis. Mayar Sherif ta Masar ta nan ta bi, ta yi Jami'ar Pepperdine, sannan ta ci kofin WTA a Parma ta Italiya a 2022. Namu Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ta Jami'ar Houston ya fita. Jami'o'in nan suna tambayar sakamakon jarrabawa, ba bidiyon wasa kaɗai ba. Saboda haka duk ƙarshen zangon karatu yarana suna kawo mini katin sakamakonsu, wadda ta faɗi Lissafi ko Turanci kuma ina rage mata ranakun fili har sai ta gyara.