Kurakuran da masu nutso a teku ke yi wa kunnuwansu

Ciwon kunnen da ke damun masu nutso da tukunyar iska iri biyu ne, kuma kuskuren da ya fi cutarwa shi ne a ɗauke su abu ɗaya. Na farko rauni ne da nauyin ruwa ke yi wa dodon kunne da abin da ke bayansa, na biyu kuma kumburin fatar ramin kunne ne da ƙwayoyin cuta ke kawowa idan danshi ya daɗe a ciki.

A zurfin mita 10 na teku, matsin da ke kan jiki ya ninka na saman ruwa sau biyu, saboda haka mitocin farko ne suka fi haɗari. Sabon mai nutso yakan jira sai ya ji zafi kafin ya daidaita iskar kunnensa, alhali a lokacin siririyar hanyar da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci ta riga ta matse. Gyaran shi ne a fara tun a saman ruwa, a toshe hanci a hura a hankali ko a haɗiye yawu, a riƙa maimaitawa kusan kowace mita, a kuma gangara ƙafafu na ƙasa kai na sama. Idan kunne ya ƙi buɗewa sai a ɗan haura a sake gwadawa, idan kuwa ya ci gaba da ƙi, a haƙura da nutson ranar. Hurawa da ƙarfi na iya yaga siririn tantanin da ke can cikin kunne, wanda kan jawo jiri da raunin ji da wani lokaci ba ya warkewa, kuma babu kyawun ƙarƙashin teku da ya kai wannan asarar.

Mai mura bai kamata ya shiga ruwa ba. Wasu na dogaro da maganin buɗe hanci, amma ƙarfinsa na iya ƙarewa a ƙasa, iska ta maƙale a kunne lokacin hawowa. Haka nan robar toshe kunne ta masu iyo ba ta dace da nutso ba, domin tana kulle iskar da ba za a iya daidaitawa ba.

Kumburin ramin kunne ya fi kama waɗanda ke shiga ruwa sau uku ko huɗu a rana kwanaki a jere, kamar yadda ake yi a Bahar Maliya. A nan ɗabi'ar sakace kunne ce babbar matsala, ko da tsinken auduga ne, balle tsinken ashana ko gashin kaza. Dauɗar da ake ƙoƙarin cirewa ita ce ke kare fata daga ruwa da ƙwayoyin cuta, sakacen kuma yana karce fatar da ruwa ya riga ya tausasa. Abin da ya kamata shi ne a ɗauraye kunne da ruwa mai tsabta bayan an fito, a karkata kai ruwan ya zube, a goge wajen da tawul kawai.

Ana ɗiga ruwan kal da aka haɗa da sifirit don rigakafi, amma ga kunne mai lafiya kaɗai. Idan dodon kunne ya fashe, ɗigon zai shige tsakiyar kunne ya ƙara ɓarna, shi ya sa rarrabe ciwukan biyu yake da muhimmanci. Kunnen da ke ƙaiƙayi, yake kuma zafi idan an ja leɓensa, galibi kumburin fata ne. Wanda kuwa ya toshe kamar an cika shi da ruwa jim kaɗan bayan nutso, ji ya ragu, ko jini ya fito, ko jiri ya biyo baya, rauni ne na matsi. Kada a ɗiga masa komai, kada kuma a koma ruwa sai likitan kunne ya duba shi ya ba da izini.